Lassa, Murar Tsuntsaye ko Ciwon Kofato: Wane Makwafin RNA Ya Dace Ɗalibi Ya Kama a Jos?

Wata Talata ce cikin hunturu, irin safiyar da sanyin Jos ke sa mutum ya rungume kofin shayi da hannu bibbiyu. Wata ɗaliba mai shirin digiri na biyu ta yi sallama a ƙofar ofishina riƙe da falle ɗaya. Sunayen ƙwayoyin cuta huɗu ta rubuta, wato Lassa da murar tsuntsaye da Newcastle ta kaji da ciwon kofato na shanu, ta ja layi biyu a ƙarƙashin na farko.

"Malam, ni dai Lassa nake so," in ji ta. "Amma an ce in fara zuwa wurinka kafin in kai wa kwamiti."

Na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce goggonta, wadda ta raine ta tun tana ƙarama, zazzaɓin Lassa ne ya yi ajalinta rani biyu da suka wuce. Na yi mata ta'aziyya, sannan na ce, "Zauna 'yata, wannan ba maganar tsaye ba ce." Sai da aka kira Azahar muka tashi. Abin da muka tattauna nake so in shimfiɗa a nan, domin kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya zo mini da irin wannan takarda, kuma na sha ganin wanda ya zaɓa da zuciya kaɗai ya ƙare shekara biyu bai riƙe sakamako ko ɗaya ba.

Abin da take son nazari shi ne inzayim ɗin, wato furotin mai gudanar da aiki, da bairos ke amfani da shi wajen kwafar RNA daga RNA. A littattafai ana taƙaita sunansa RdRp, ni kuwa a aji makwafi nake ce masa. Jikinmu yana ajiye bayanin gadonsa a DNA, daga nan yake kwafo saƙonnin RNA, don haka ƙwayoyin halittarmu ba su da injin da zai ɗauki dogon zaren RNA na baƙo ya riƙa ninka shi. Bairos ɗin shan inna, da na mura, da na Lassa, da na haukan kare, da na korona, dole kowanne ya zo da nasa makwafin ko da bayanin yadda za a ƙera shi. HIV ba ya cikin wannan sahu, shi RNA ɗinsa yake mayarwa DNA, hanyarsa daban. Tun farkon shekarun 1960 David Baltimore da Richard Franklin suka gano aikin wannan inzayim a cikin ƙwayoyin halittar da bairos ya shiga, kuma a 1965 Sol Spiegelman ya nuna cewa makwafin wani bairos mai kama bakteriya yana iya ninka RNA a cikin kwalbar gwaji, babu wata halitta mai rai a wurin.

Siffarsa kamar hannun dama ne da aka ɗan dunƙule: akwai tafi, akwai yatsu, akwai babban yatsa. Zaren da za a kwafa yana shiga ta wata kafa, haruffa huɗu na RNA, wato A da U da G da C, suna shigowa ta wata kafar. A tsakiyar tafin akwai amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, masu suna asfatet da ke riƙe da ƙwayoyin magniziyam biyu, su ne ke ɗaure sabon harafi a jikin zaren da ake ginawa. A na zama gaban U, G na zama gaban C. An ɗaura harafi, makwafi ya matsa taki ɗaya, a sake. Wanda ya taɓa zuwa ɗaukar hoto a tsoffin shagunan Ahmadu Bello Way zai gane abin da ke fitowa: kwafin farko nagatif ne, fari ya koma baƙi, sai an sake wanke shi kafin ainihin hoton ya bayyana. Wasu bairos da hoton suke zuwa, ƙwayar halitta ta karanta shi nan take ta ƙera musu makwafi. Wasu da nagatif suke zuwa, wanda babu mai iya karantawa, saboda haka tilas su shigo da makwafinsu a aljihu. Baltimore da Alice Huang ne suka tabbatar da wannan a 1970.

Na ce mata tafin hannun nan kusan ɗaya ne a duk huɗun da ta rubuta. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke fara rubutu, da yawan mataimakan da yake buƙata kafin ya motsa, da kuma ko yana waiwayar kuskurensa. Waɗannan kuma su ne za su yanke mata kuɗin da za ta kashe, da irin ɗakin gwajin da za ta nema, da haɗarin da za ta jefa kanta.

Na fara mata da wanda ta sa a ƙarshen takardarta, wato bairos ɗin ciwon kofato da baki na shanu. Ta ɗan ɓata fuska, na gani. Makwafinsa, wanda ake kira 3Dpol, furotin ɗaya ne tilo mai amino asid 470. Ɗan'uwansa na shan inna 461 ne. Ƙanana ne ƙwarai idan aka gwada su da sauran. Ana iya sa bakteriyar E. coli ta ƙera shi cikin kwana biyu, a tace shi, a zuba masa guntun RNA da haruffa da magniziyam a cikin ƙaramar kwalba, ya kama aiki kana kallo. Furotin ɗin shi kaɗai ba ya sa wa mutum ko saniya cuta. Ɗalibi na iya rage magniziyam ya ga abin da zai faru, ya sauya zafi, ya canza asfatet ɗaya ya ga aikin ya tsaya cak. Gani ya kori ji, kuma a cikin huɗun nan wannan ne kawai zai ba ɗalibar digiri na biyu damar gani da idonta cikin 'yan watanni.

Yadda yake fara rubutu ma abin sha'awa ne. Ba ya iya farawa a kan fili, sai an ba shi madafa. Madafarsa wani ɗan ƙaramin furotin ne mai suna VPg, wanda yake liƙa wa harafin U guda biyu, sannan ya ɗora sauran zaren a kai. Shan inna VPg ɗaya gare shi, ciwon kofato uku.

Amma abin da ya fi jan hankalina a wannan gida shi ne batun kuskure. Makwafan RNA kan yi kuskure kusan sau ɗaya a kowane haruffa 10,000 zuwa 100,000, kuma yawancinsu ba sa komawa su gyara. Kundin shan inna, wato zaren RNA mai ɗauke da duk bayanin gadonsa, haruffa kusan 7,500 ne, na ciwon kofato ya haura 8,000, ka ga ke nan a cikin dubban kwafin da ke fita daga ƙwayar halitta guda, da yawa sun ɗan saɓa da uwarsu. Da wannan ganganci bairos ke zille wa garkuwar jiki da magani. Masu bincike a Amurka sun sami wani shan inna da amino asid na 64 na makwafinsa ya sauya, ya koma mai taka-tsantsan, kuskurensa ya ragu. Sai ga shi maganin ribabirin ba ya cin sa sosai, amma kuma ƙarfinsa na kaiwa ga ƙwaƙwalwar ɓerayen gwaji ya ragu. A ciwon kofato ma an sami sauyi a gurbi na 296 da ya rage tasirin ribabirin a kansa. Mu a Arewa wannan ba labarin nesa ba ne. An ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a watan Agusta 2020, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016, amma nau'in da ke rikiɗewa daga allurar ɗigon baki a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba ya ci gaba da ɓulla. Sabon ɗigon nOPV2, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a Maris 2021, har da makwafinsa aka gyara domin ya rage kuskure da cuɗanya da danginsa. Ilimin 3Dpol ne ya shiga bakin 'ya'yanmu kai tsaye.

Na gargaɗe ta cewa kada ta kusanci shan inna mai rai, domin akwai dokokin duniya masu tsauri kan ajiye shi. Na ciwon kofato ya fi sauƙin samun mai kula da aiki a nan, tunda ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda ke wurin tun 1924, kuma gwajin PCR da ake gano cutar da shi sau da yawa sashen 3D ɗin nan yake nema, saboda ba ya saurin canzawa tsakanin nau'o'in O da A da SAT da ke yawo a garkunanmu. Ko da furotin kawai za a yi aiki, sai da izinin kwamitin kula da lafiyar gwaji. Rauninsa ɗaya: tsohon fage ne, manyan dakunan gwaji na Turai da Amurka sun daɗe suna nomansa, abin da zai zama sabo dole ya fito daga nau'o'inmu na gida.

Murar tsuntsaye kuwa wata duniya ce. Makwafinta furotin uku ne a haɗe, PB1 da PB2 da PA, jimillarsu sama da amino asid 2,200, kuma a cikin cibiyar ƙwayar halitta yake aiki, abin da ba kasafai bairos masu RNA ke yi ba. Kundinta gutsure takwas ne, duk nagatif. Kowane saƙon RNA da jikinmu ke fitarwa yana ɗauke da wani tambari a kansa da masana ke kira hula, kuma saƙon da ba shi da hula masana'antar furotin ba ta saurarensa. Mura ba ta iya ɗinka hula, sai ta koma fizge ta wasu, kamar yadda yara ke yi wa juna a filin makaranta. PB2 ya cafke hular saƙonmu, PA ya yanke ta tare da haruffa 10 zuwa 13, PB1 ya ɗora rubutun bairos a bayanta. Ƙwayar halitta ta ga hular gida, ta karɓi saƙon baƙo. A 2014 ne rukunin Stephen Cusack a Girenobul ta Faransa suka fitar da cikakkiyar siffar wannan inji, kuma maganin baloksabir da aka amince da shi a Japan da Amurka a 2018 almakashin PA ɗin nan yake dakushewa.

A nan na ga ta gyara zama. Na ce mata ta kula da lamba 627 a jikin PB2. A murar tsuntsaye galibi amino asid gulutamet ke zaune a wurin, a murar da ta saba da mutane kuwa laisin. Dalilin ya fito a 2016 daga ɗakin gwajin Wendy Barclay a Landan: makwafin mura yana jingina da wani furotin na mai masaukinsa mai suna ANP32A, kuma na kaza ya fi namu tsawo da amino asid 33. Makwafin da ya saba da na kaza idan ya shigo jikin mutum sai ya rasa madogara, sai in ya sauya. Shi ya sa duk lokacin da mura ta faɗa gonar kaji, masu sa ido ke duba wannan gurbi da makamantansa.

Kuma ta sha faɗawa. A Fabrairu 2006 aka tabbatar da H5N1 a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a duk Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021, kuma Filato da yawan gonakin kajinta ba ta tsira ba. Duk wanda ke da dangi masu kiwon kajin ƙwai a Bukuru ko Rayfield ya san yadda ake wayar gari a tarar da keji ya yi tsit.

To ina matsalar? Idan so take ta ga makwafin yana aiki, E. coli ba za ta wadatar ba. Sai an reno ƙwayoyin halittar dabba a cikin na'ura mai riƙe zafi da iskar kabon ba dare ba rana, sai an shigar musu da zoben DNA, masu ɗauke da bayanin ƙera sassan makwafin, huɗu ko biyar lokaci guda, kuma kayan renon da dala ake sayensu. H5N1 mai rai sai ɗakin tsaro mataki na uku da ƙwararrun da aka horar. Amma akwai wata ƙofa a buɗe: jerin haruffan murar da aka samu a Najeriya tun 2006 suna nan a rumbunan GenBank da GISAID. Ɗalibi mai kwamfuta da haƙuri zai iya jera PB2 da PB1 da PA na shekaru daban-daban, ya bi sawun inda suka shigo da abin da ya sauya. Aiki ne mai amfani, kuma ana kammala shi a kan lokaci. Sai dai wanda ya bi wannan hanya zai fita gwanin karanta haruffa ne, hannunsa bai taɓa inzayim ba. Ga mai son aikin sa ido kan annoba, a Vom ko a hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Abuja, ban ga wanda ya fi wannan ba.

Sannan muka zo kan Lassa, na kuma yi mata magana a hankali, domin na san abin da ke ranta.

Babu garin da ya fi Jos haƙƙin nazarin wannan cuta. A Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa da ke Borno ta yanzu, aka ɗauko ta a jirgi zuwa Jos, a nan ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma daga samfuran waɗannan mata aka ware bairos ɗin a Jami'ar Yale. Jordi Casals, ɗaya daga masu aikin, shi ma ya kamu, da ruwan jinin Pinneo aka yi masa magani ya tashi. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, Dakta Jeanette Troup ta asibitin da muke kira Jankwano ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta rasu. Ina ba ɗalibai wannan tarihi ne domin su san cewa mutanen da wannan bairos ya fara kashewa a idon duniya masu safar hannu ne, waɗanda suka san aikinsu.

Bairos ɗin kansa abin mamaki ne wajen tsimi. Furotin huɗu kacal gare shi, a kan gutsuren RNA biyu, kowane gutsure na ɗauke da bayani biyu da ake karantawa ta fuskoki masu kishiyantar juna. Makwafinsa, furotin L, shi kaɗai ya haura amino asid 2,200. Abin da mura ta raba wa ma'aikata uku, Lassa ta ɗora wa mutum ɗaya: shi ne mai fizge hula, shi ne mai yanka, shi ne mai rubutu. Ba ya karanta RNA tsirara yadda ya kamata, sai wanda furotin NP ya lulluɓe. Idan lokacin fita ya yi, wani ɗan ƙaramin furotin mai suna Z ya zo ya kama shi ya tsayar da aikin. Sai a 2020 aka ga cikakkiyar siffarsa, ta hanyar na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da tsananin sanyi. Ka ga fagen sabo ne, tambayoyi na nan jibge. Ribabirin da ake ba marasa lafiya ya samo gindin zama ne daga wani bincike da aka wallafa a 1986 daga Saliyo, wanda masana suka dawo suna tantamar ƙarfin hujjarsa. Fabipirabir, maganin da Japan ta amince da shi don mura a 2014, makwafi yake ruɗawa da harafin bogi, kuma ana gwada shi kan Lassa. Duk wanda ya fahimci furotin L da kyau yana kusa da inda magani zai fito.

Amma renon Lassa mai rai aikin ɗakin tsaro mataki na huɗu ne, mafi tsanani. Ƙera furotin L shi kaɗai ma sai da ƙwayoyin halittar ƙwari da kayan tacewa masu tsada, kuma yana saurin lalacewa. Akwai dabarar da ake kira ƙaramin kundi, inda ake sa L da NP su kwafi wani guntun RNA marar cuta mai haskakawa idan an kwafe shi. Ba ta da haɗari, amma buƙatunta irin na mura ne: renon ƙwayoyin halitta da wutar da ba ta ɗaukewa. Na ce mata, "'Yata, in kika rubuta wa kwamiti cewa za ki auna aikin makwafin Lassa a nan cikin wata goma sha biyu da kuɗin aljihun mahaifinki, ni ba zan sa hannu ba. Ba don na raina ki ba."

Abin da za ta iya yi kan Lassa daga Jos yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Najeriya ce ke da mafi yawan rassan wannan bairos. Binciken da Christian Happi da Pardis Sabeti da abokan aikinsu suka fitar a 2015 ya nuna cewa asalinsa daga nan ne, fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma yawancin masu kamuwa daga ɓera suke ɗauka. Reshen da ke yawo a Filato da Bauci da Nasarawa, wato na uku, ya bambanta da na Edo da Ondo. Wasu gwaje-gwajen PCR sashen L suke nema, kuma idan haruffan wurin suka saɓa da abin da gwajin ke tsammani, mai cuta na iya fitowa kamar ba shi da ita. Zama a jera sashen L na reshe na uku a duba inda ya kauce, aiki ne da zai iya shafar wanda ke kwance a gadon asibiti a watan Fabrairu. Mai son taɓa samfuri kuwa sai ya nemi shiga wurin da aka tanada don haka, irin asibitin koyarwa na Irrua, ko cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede, ko babban ɗakin gwajin NCDC a Gaduwa, kuma wannan ya fi dacewa da digiri na uku.

Ɗayar da ta rage a takardarta cutar Newcastle ce, wadda ke share kajin gida duk hunturu, ka ga kaza tana murɗa wuya tana zawo kore. Ita ma furotin L gare ta, mai kusan girman na Lassa, amma ba ta fizge hula, da kanta take ɗinkawa, kuma ba ta motsi sai da mataimaki mai suna P. Kundinta zare ɗaya ne mai bayani shida a jere. Makwafi ya fara daga kai, ya tsaya a ƙarshen kowane bayani, wani lokaci ya ci gaba, wani lokaci ya faɗo, shi ya sa na gaba ke fita da yawa, na baya kaɗan. Tsawon kundin kuma dole ya rabu da shida ba saura: 15,186 ko 15,192 ko 15,198. Daɗinta shi ne samfuri ba ya wuya, kasuwar kaji ta isa, ga Vom na yin allurar rigakafinta, haɗarinta ga mutum kuma galibi bai wuce jan ido ba. Matsalarta ita ce kusan kowa wani sashe na kundin mai suna F yake karantawa, domin da shi ake rarrabe nau'i da zafin cuta, saboda haka mai son L zai karanta haruffa sama da 6,000 da kuɗinsa, abin kwatantawa kuma kaɗan ne. Ga ɗalibin likitan dabbobi mai son fita ƙauye, zaɓi ne mai kyau. Ga wadda tambayarta ita ce yadda ake kwafar RNA, hanya ce mai zagaye.

Ta tambaye ni korona, ko da yake ba ta rubuta ta ba. Na ce abu ɗaya ya kamata ta riƙe: ita ce ta fita daban wajen gyaran kuskure. Makwafinta nsp12 yana tafe da wani mai bi masa baya, nsp14, da ke cire harafin da aka sa ba daidai ba, shi ya sa ta iya riƙe kundi mai haruffa kusan 30,000, kuma shi ya sa ribabirin ba ya cin ta sosai. Amma tun 2020 duniya ta yi mata rubdugu, ɗalibi ɗaya a Jos zai sha wuya kafin ya sami gurbin da ba a taka ba.

Akwai abin da ba a rubutawa a takardar neman izini, na kuma faɗa mata shi. Shekarun baya, a wani ɗakin gwaji da na yi aiki, mun tafi hutun Babbar Sallah muka bar samfuran RNA na wata bakwai a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Man janareta ya ƙare ran Asabar. Da na buɗe ƙofa ran Talata, ruwa na fara takawa. Kwalayen sun yi laushi, tambarin da muka rubuta da alƙalami ya narke ya bi jikin kwalabe, agogon firizar na nuna 11. Na zauna a kan kujera na kasa ko kiran waya. Ɗalibin da ke da rabin samfuran sai da ya ƙara shekara. Abin da ya tsira a ranar shi ne zoben DNA da muka ɗiga a kan takardar tacewa muka busar, yana cikin ambulan a aljihun tebur. RNA ba ya yafiya: zafi na cin sa, gumin yatsa ma na ɗauke da inzayim mai narkar da shi. Duk aikin da ya dogara da ajiye RNA ko renon ƙwayoyin halitta na watanni, a lissafa man janareta a cikin kuɗinsa tun ranar farko. Aikin 3Dpol kuwa, ko an yi asarar furotin, daga irin ambulan ɗin nan za a sake tashi cikin mako guda. Kayan da ake odarsu daga waje cikin ƙanƙara ma haka ne, kwana uku na jinkiri a filin jirgi ya isa ya mayar da su ruwa, don haka gwargwadon ƙarancin irin waɗannan kaya a aikinka, gwargwadon kwanciyar hankalinka.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ke nan in bar Lassa?"

Na ce a'a. Na jawo kwamfuta na buɗe rumbun siffofin furotin na PDB, wanda kowa ke shiga kyauta, na ɗora tafin 3Dpol a kan tafin L na Lassa. Furotin ɗaya ya ninka ɗaya kusan sau biyar, amma a tsakiya asfatet ɗin nan suka zauna kusan wuri guda, GDD a na shanu, SDD a na Lassa, inda kowane D ke nufin asfatet. Ta matso da kujera ta daɗe tana juya hoton. Na ce hannun da ya koyi auna saurin 3Dpol da kuskurensa, ya ga yadda harafin bogi ke shiga zare, shi ne hannun da za a buɗe wa ƙofa a Irrua ko Ede idan lokaci ya yi. Da tambayarta ta sa ido kan annoba ce, da mura na tura ta. Da likitar dabbobi ce, da Newcastle. Amma ita so take ta san yadda injin ke aiki domin wata rana ta taimaka a tsayar da shi.

Bayan mako biyu ta dawo da sabon falle. Babi uku kan 3Dpol na nau'in ciwon kofato da aka samu a Najeriya, babi ɗaya na kwamfuta kan sashen L na Lassa reshe na uku. Na gyara mata jimla biyu, na rage yawan gwaje-gwajen da ta lissafa daga tara zuwa biyar, na sa hannu. A shafin sadaukarwa, wanda ba a ma buƙata a wannan mataki, ta riga ta rubuta sunan goggonta. Litinin mai zuwa za ta hau motar Bukuru ta wuce Vom da wasiƙar neman wanda zai kula da aikin ta can.